Kofuna a Kabad, Karatu Fa? Yadda Ake Auna Makarantar Kwana Mai Suna a Wasanni

Makarantar kwana da ta yi suna a wasanni tana da abin nuna wa baƙo: kofuna jere a kabad ɗin gilashi, hotunan tsofaffin ɗalibai da suka zama taurari, fili kore shar. Karatu kuwa ba shi da kabad. Shi ya sa iyaye kan rabu gida biyu. Wasu na ganin makarantar da ta iya cin kofi ta iya komai, wasu kuma da sun ji an ce makarantar 'yan ƙwallo ce sai su ɗauka ba a buɗe littafi a cikinta. Duka biyun zato ne. Sunan da makaranta ta yi a fili ba ya gaya maka abin da ke faruwa a aji. Kuma abin da za ka bincika ba ingancin karatun makarantar gaba ɗaya ba ne, karatun da ɗan wasa yake samu a cikinta shi ne abin tambaya, domin sau da yawa makarantu biyu ne a cikin katanga ɗaya.

Da wace irin makaranta kake magana?

Akwai tsofaffin makarantun karatu waɗanda wasa wani ɓangare ne kawai na tarbiyyarsu. Phillips Academy da ke Andover da Phillips Exeter a Amurka suna karawa da juna a fili tun 1878, amma a Exeter ɗalibai kamar goma sha biyu ne ke kewaye tebur da malaminsu suna tattauna darasi, kuma ɗan wasa ma a wannan teburin yake zama. Akwai masu riƙe da abu biyu, suna karantarwa suna kuma farautar ƙwararrun yara don ƙungiyarsu ta farko, irin su Millfield a Ingila, wadda aka kafa a 1935 ta kuma yaye 'yan wasan Olamfik da yawa, ko Montverde da Oak Hill na Amurka a ƙwallon kwando. Sai cibiyoyin horo da aka haɗa musu makaranta. IMG Academy da ke Florida ta faro ne a 1978 a matsayin wurin koyon tanis, kuma tsarinta rabin yini aji, rabin yini fili. Right to Dream ta Gana, da aka kafa a 1999, ita ma cibiyar ƙwallon ƙafa ce mai makaranta a ciki. Ba wadda ta fi wata don irinta kawai, sai dai kowacce da inda take yoyo. A ta farko, yaro mai hazaƙa a fili zai iya rasa horon da ya kai matsayinsa. A ta biyu, 'yan ƙungiyar farko kan zama 'yan lele da ake ɗaga wa ƙafa a aji. A ta uku, karatu kan koma abin da ake cikewa da shi bayan an gama atisaye.

Akwai iri na huɗu, wadda sunan makaranta kawai ta ara. A watan Agustan 2021 tashar wasanni ta ESPN ta nuna wasan ƙwallon Amurka tsakanin wata mai suna Bishop Sycamore da IMG kai tsaye, aka lallasa ta da ci 58 da nema, daga nan mutane suka fara tambayar ina ajujuwanta suke. Binciken ma'aikatar ilimi ta jihar Ohio da ya fito a Disambar shekarar ya nuna ba ta cika sharuɗɗan zama makaranta ba. Idan irin wannan ta iya shiga talabijin, to shafinta na intanet ba hujja ba ne. Don haka ka tambayi sunan hukumar da ta tantance makarantar, sannan ka je shafin hukumar da kanka ka nemi sunanta, kada ka tsaya ga tambarin da suka manna a takardar talla. A Amurka akwai irin su NEASC da Cognia, a Ingila akwai ISI mai duba yawancin makarantu masu zaman kansu, kuma rahotanninta a buɗe suke ga kowa. Ka duba shekarar da aka yi dubawar ƙarshe. Idan sun ce suna koyar da tsarin IB, wato manhajar International Baccalaureate ta ƙasa da ƙasa, hukumar IB tana da jerin makarantun da ta amince da su. Aikin rabin awa ne, kuma shi ke raba ka da mafi munin asara.

Hotunan bango da lissafin da ke ɓoye ɗan wasa

Idan aka nuna maka tauraro aka ce ɗalibinmu ne, tambaya ɗaya ce: shekara nawa ya yi a nan? Tauraron ƙwallon kwando Carmelo Anthony shekararsa ta ƙarshe ta sakandare kawai ya yi a Oak Hill. Sidney Crosby kaka ɗaya ya buga wa makarantar Shattuck-St. Mary's hokin ƙanƙara, daga 2002 zuwa 2003. Waɗannan yara da iyawarsu suka zo. Makarantar ta ba su dandali da abokan karawa masu ƙarfi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne shaidar za ta gina yaron da ya shigo ɗanye ba. Wani lokaci ma tarin gwanaye kan danne mai tasowa. Ɗan ƙwallon kwando Joel Embiid ya fara da Montverde, bai samu lokacin wasa sosai ba saboda waɗanda ke gabansa, sai da ya koma wata makarantar sannan aka ga abin da ya iya. Wanda ke neman misalin makarantar da ta gina 'yan wasa daga tushe ya dubi St. Patrick's da ke Iten a Kenya, inda Colm O'Connell ya je a 1976 a matsayin malamin aji, ba koci ba, kuma daga cikin ɗalibanta aka samu Peter Rono da ya ci zinare a tseren mita 1500 a Olamfik ta 1988.

Haka abin yake ta ɓangaren jarrabawa. Makarantar da ke tace masu shiga da jarrabawa mai tsauri dole sakamakonta ya yi kyau ko da malamanta ba su yi wani abin a zo a gani ba. Abin da ke nuna aikin malamai shi ne tazarar da ke tsakanin matsayin da yaro ya shigo da shi da wanda ya fita da shi. Makarantu masu tsari suna gwada ɗalibai a makonnin farko su ajiye sakamakon don irin wannan kwatancin. Ka tambaya ko suna yi. Wanda ya fahimci tambayar zai jawo maka takarda, wanda bai fahimta ba zai sake nuna maka kofi.

Babban tarkon kuwa shi ne matsakaicin maki. A ɗauka makaranta tana da ɗalibai 600, daga ciki 40 ne aka ɗauko don wasa. Idan 560 ɗin suna samun maki 75 cikin ɗari a matsakaici, 40 ɗin kuma 45, to makin da za a buga a takardar talla 73 ne. Ba ƙarya suka yi ba, amma ɗanka ko 'yarka cikin arba'in ɗin za su kasance, kuma adadin ya haɗiye su ɗungurum. Saboda haka ka roƙi sakamakon 'yan ƙungiyar farko su kaɗai, ba tare da sunaye ba, na shekaru uku a jere. Shekara ɗaya ba ta isa, don ɗaliba ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa za ta iya ɗaga ƙungiya sukutum. Ka haɗa da tambayar darussan da suka ɗauka: nawa ne a cikinsu ke lissafi mai zurfi, kimiyyar sinadarai, fiziks, ko harshe na biyu? Idan kusan dukkansu sun taru a darussa biyu ko uku masu sauƙi, da wuya a ce zaɓinsu ne. Yawanci jadawali ne ya tura su can, don darussan da ke buƙatar ɗakin gwaji an sa su a lokacin atisaye.

Jerin jami'o'in da ɗalibai suka samu ma yana son natsuwa. Samun gurbi daban, zuwa daban, kammalawa kuma daban. Ɗalibi ɗaya zai iya samun gurbi a wurare takwas, a jera su kamar mutum takwas ne. Ka nemi jerin inda 'yan ajin ƙarshe suka tafi da ƙafarsu, kuma ka tambayi makomar ɗan wasan da ya fi kowa zaman benci.

Ka lissafa makon yaron da fensir

Mako awa 168 ne, ba koci ko shugaban makarantar da zai ƙara masa ko ɗaya. Likitocin barci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. A sa tara, awa 63 ke nan a mako, saura 105. A cire awa uku kullum na cin abinci, wanka, ibada da zirga-zirga, saura 84. A cire awa 25 na aji da 12 na firef, saura 47. Idan atisaye ya ci 15, wasa da tafiyarsa suka ci 10, yaro yana da awa 22 na hutu da hira da kiran gida, kamar uku ke nan a rana. Wannan mai yiwuwa ne. Amma idan atisaye ya kai awa 25, tafiya 16, abin da ya rage awa 6 ne a mako gaba ɗaya. Ba yaron da ke rayuwa a haka, dole ya sata daga wani wuri, kuma wurare biyu ne kawai ba mai tsaronsu: barci da firef. Daga nan ake samun ɗalibin da ke gyangyaɗi a darasin farko, malami ya rubuta masa "ba ya mai da hankali".

Don haka kada ka karɓi jadawalin makaranta na gama-gari. Ka ce a ba ka na ɗan ƙungiyar da ake son saka yaronka, a tsakiyar kakar wasa, tare da jerin wasannin waje na kakar da ta wuce. Ka ƙirga sau nawa motar ƙungiya ta tashi kafin a tashi daga aji, ka duba wane darasi ne ke faɗowa a wannan lokacin. Idan aikin ɗakin gwaji yana ranar da ake yawan tafiya, kuma an yi tafiya takwas a zango, to darasin ya tafi. Tsarin IB ya ƙayyade awa 240 na koyarwa ga darasin babban mataki da 150 ga na ƙaramin mataki cikin shekara biyu, kuma ba a rage wa ɗan wasa ko awa ɗaya a ranar jarrabawa. Sai ka tambayi yadda ake rama darasin da aka rasa. "Malamanmu suna da fahimta" ba amsa ba ce. Amsa ita ce wane malami, wace rana, ƙarfe nawa, kuma wa ke duba rajista.

Masana lafiyar wasanni suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: kada awannin horo a mako su wuce shekarun yaro, wato ɗan shekara 14 kada ya wuce awa 14. Suna kuma ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, da wata biyu zuwa uku a shekara da yaro zai ajiye wasan da ya ƙware a kai. Cibiyoyin horo da yawa suna zarce wannan. Idan sun zarce, ka ji dalilinsu, ka kuma ga wanda ke auna gajiyar yaran.

Firef ma a duba shi da ido. Awa biyu a ɗaki mai malami, waya a ajiye, ba daidai take da awa biyu a ɗakin kwana ba, inda yara suka dawo daga fili a jigace.

Wa ke da ikon cewa "yau ba zai buga ba"?

Nan ne ake gane alƙiblar makaranta. Tun 1984 jihar Texas ta yi dokar da ta hana ɗalibin da ya faɗi darasi shiga gasa har sai ya gyara, kuma makarantu da dama a duniya suna da irin wannan ƙa'ida a rubuce. Rubutawa ba wuya. Tambayar da ke tona gaskiya ita ce: yaushe rabon da a ajiye ɗan ƙungiyar farko saboda makinsa, kuma wa ya yanke hukuncin? Idan amsar ita ce ba a taɓa ba don yaranmu duka masu ƙoƙari ne, ka yi shakka. Ka kuma gano ƙarƙashin wa kocin yake, kuma da me ake auna shi idan za a sabunta masa kwantiragi. Kocin da abincinsa ke rataye da kofi ba zai yi murna da gwajin lissafin da ya faɗo gab da wasan ƙarshe ba.

A wasu tsofaffin makarantu mutum ɗaya ne malamin aji, koci, kuma mai kula da ɗakin kwana. Amfaninsa shi ne ya san yaro ciki da bai. Haɗarinsa shi ne idan suka saɓa, yaro ba shi da wurin kai ƙara. A tabbatar akwai wani babba mai ba shi shawarar karatu wanda ba ruwansa da fili, kuma yaron ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan wani ya ci zarafinsa.

Idan burin jami'ar Amurka ne

Da yawa daga cikin makarantun nan da alƙawarin gurbin jami'a a Amurka suke jan iyaye, don haka a san ƙa'idar. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, tana buƙatar ɗalibin da zai buga a rukuni na ɗaya, mafi girma cikin rukunanta uku, ya kammala manyan darussa 16 da ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4.0. A cikinsu akwai Ingilishi huɗu, lissafi uku, kimiyya biyu. Goma daga cikin 16 ɗin sai an gama su kafin shiga shekarar ƙarshe ta sakandare, bakwai daga goman kuma su zama Ingilishi, lissafi ko kimiyya. Darasin motsa jiki ba ya cikin lissafi. Kowace makaranta tana da jerin darussanta da hukumar ta amince da su a shafin cibiyar tantancewarta, sai ka ɗora jadawalin yaronka a kai ka ga ko sun dace. Darasi zai iya zama halastacce a makaranta amma hukumar ba ta ƙirga shi ba, kuma yawanci ba a farga sai lokaci ya ƙure.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne maimaita aji. Koci kan ba da shawarar yaro ya sake shekara don jikinsa ya ƙara ƙwari. Agogon hukumar kuwa yana fara juyawa ne daga ranar da yaro ya shiga aji tara, wato farkon babbar sakandare a Amurka, kuma shekara huɗu a jere ya ba shi ya gama darussan. Maimaitawa ba ta tsayar da agogon. Kafin ka yarda, a zauna da takardar sakamako a ƙirga darasi ɗaya bayan ɗaya. A kuma sani cewa jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale, da na rukuni na uku ba sa ba da tallafin karatu don wasa, kuma kusan kashi biyu cikin ɗari ne kawai na 'yan wasan sakandaren Amurka ke samun irin wannan tallafi a jami'a. Gasar ƙwallon kwando ta NBA kuwa gurbi 60 ne a zaɓen sababbin 'yan wasanta na shekara, ga duniya baki ɗaya. Ɗalibi daga waje yana buƙatar makarantar da gwamnatin Amurka ta ba izinin fitar da takardar I-20 kafin ya nemi bizar karatu. Masu harin ƙwallon ƙafa kuma su tuna sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 ƙungiya daga ƙasa zuwa ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu, saboda haka duk mai alƙawarin kai yaro ɗan 15 wata babbar ƙungiya a ƙetare ya nuna maka ta wace ƙofa.

Takardar tallafi da ranar da gwiwa ta ƙi

Tsinkewar jijiyar gwiwa kan raba ɗan wasa da fili wata tara zuwa shekara guda bayan tiyata, kuma ta fi samun 'yan mata fiye da maza a wasanni irin ƙwallon ƙafa da kwando. Ka karanta takardar tallafin karatu da wannan ranar a zuciyarka. Shin tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko har zuwa kammalawa? Me zai sa a janye shi: rauni, raguwar ƙoƙari a fili, tafiyar kocin da ya kawo yaron, ko yaron ya ce ya gaji da wasan? Idan rangwamen ya dogara ne da ƙarfin aljihun iyaye, ba da wasa ba, ya fi kwanciyar hankali, don rauni ba ya taɓa shi. Duk abin da koci ya faɗa da baki, a sa shi a takarda mai sa hannun shugaban makaranta ko ma'ajinta, domin koci kan tafi ya bar alƙawarinsa ba mai shi. A kuma jera abin da tallafin bai ɗauka ba: kayan wasa, tafiye-tafiyen gasa, inshorar lafiya, kuɗin jarrabawa, da wurin zama idan an rufe ɗakunan kwana lokacin hutu.

Ka tambayi tsarinsu idan yaro ya bugu a kai. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a fitar da shi daga wasa nan take, kada ya koma a ranar, sannan ya koma aji a hankali har ya iya cikakken karatu kafin a bar shi ya koma cikakkiyar gasa. Makarantar da ke mai da yaro fili alhali bai iya zaman darasi ba tare da ciwon kai ba, ta juya tsarin.

Sauran aikin na ƙafa ne, gani ya kori ji. Ka je ranar karatu, ba ranar bikin baje koli ko ranar babban wasa ba. Ka roƙi zama a darasin da 'yan ƙungiya suke, ka ga ko suna nan, ko suna da littafi, ko malami na jefa musu tambaya kamar kowa. Ka leƙa littafin rubutun ɗayansu ka duba ranar da malami ya yi gyara na ƙarshe. Ka tambayi malamin lissafi shekara nawa ya yi a wurin, don inda malamai ke sauyawa duk shekara akwai abin da ke korarsu. Iyayen da makaranta za ta haɗa ka da su masu jin daɗinta ne, saboda haka ka nemi waɗanda suka cire ɗansu, ko waɗanda ɗansu ya ji rauni a shekararsa ta biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi da wa'adin sanarwar cire yaro, domin makarantu da yawa suna neman sanarwar zango guda cur, in ba haka ba ka biya kuɗin zangon da yaron bai zauna ba.